Sanatan Da Ke Wakiltar Bagudo: Inda Yahaya Abdullahi Ya Tsaya Kan Yaƙi, Tattalin Arziki, Lafiya Da Ilimi

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kusurwar kudu maso yammacin Jihar Kebbi, a yankin da Kogin Neja ke shigowa Najeriya bayan ya raba Jamhuriyar Benin da Jamhuriyar Nijar. Garuruwanta irin su Illo, Lolo, Tsamiya, Kaoje da Zagga sun daɗe da sanin cewa hukuncin Abuja a kansu yake fara sauka. In an ce a rufe iyaka, a Lolo da Tsamiya ake datse hanya. In an hana kai fetur bakin iyaka, gidajen man yankin ne ke bushewa. In kuwa aka fara maganar tura soja wata ƙasa, masu 'yan'uwa da surukai a Segbana da Malanbil ne ke fara kasa kunne.

Ita kanta iyakar ba ta kai zumuncin da ke tsakanin mutanen tsufa ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris ranar 14 ga Yunin 1898 ce ta raba ƙasar Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Har yau Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa suna zaune a ɓangarorin biyu, suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya.

A Majalisar Dattawa, Bagudo tana cikin mazaɓar Kebbi ta Arewa, tare da Argungu, Augie, Arewa, Dandi da Suru. Huɗu daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi na Masarautar Argungu ne, Bagudo da Suru kuma na Masarautar Gwandu. Tun 2015 Dakta Yahaya Abubakar Abdullahi, Mallamawan Kabi, shi ke riƙe da kujerar. Wasu da ba 'yan jihar ba kan ɗauka cewa tsohon gwamna Abubakar Atiku Bagudu ne ya taɓa wakiltar yankin saboda kamar suna, alhali Kebbi ta Tsakiya ya wakilta daga 2009 zuwa 2015, kuma Bagudo ba ta cikinta. A Majalisar Wakilai kuwa, Bello Kaoje ne ke wakiltar mazaɓar Bagudo da Suru.

Wane ne shi

Yahaya Abdullahi mutumin Argungu ne. Ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya koyar a can, daga baya ya shiga aikin gwamnatin tarayya har ya kai matsayin babban sakatare. Ya shiga Majalisar Dattawa a 2015 ƙarƙashin APC, ya gaji Isa Galaudu. Ranar 11 ga Yunin 2019, shi ne ya miƙe ya gabatar da sunan Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar shugabancin majalisa, Lawan ya samu ƙuri'a 79, Ali Ndume ya samu 28. A farkon Yulin shekarar aka ayyana shi Shugaban Masu Rinjaye, muƙamin da ya riƙe har Yunin 2022.

Kafin a auna matsayinsa, sai an fahimci yadda majalisar ke aiki. Galibin hukuncinta da murya ake yanke shi: shugaba ya tambayi masu amincewa, ya tambayi masu ƙi, ya saurari ɓangaren da ya fi amo, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa. Sai jefi-jefi ake kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka yi ranar 15 ga Yulin 2021 kan tura sakamakon zaɓe ta intanet, inda 52 suka rinjayi 28. Saboda haka, abin da ke nuna inda sanata ya tsaya shi ne ƙudirin da ya gabatar, kwamitin da ya shugabanta, da rahoton da ya sa wa hannu. Shugaban Masu Rinjaye kuma yana da wani nauyi na daban, domin duk ƙudirin dokar da fadar shugaban ƙasa ta aiko, da sunansa ake shigar da shi, shi ke buɗe muhawara a kansa. Wannan ya sa dole a riƙa bambance abin da Abdullahi ya ɗauko da kansa da abin da muƙami ya ɗora masa, ko da yake wanda ya karɓi muƙami ya karɓi alhakinsa.

Yaƙi da tsaro

A nan ne sawunsa ya fi fitowa fili. Ranar 29 ga Janairun 2020, ya gabatar da ƙudirin da ya nemi a sake fasalin tsarin tsaron ƙasa baki ɗaya, kuma kusan dukkan sanatoci sun sa hannu a kai. Muhawarar ta yi zafi, domin a ranar ce Shugaban Marasa Rinjaye, Enyinnaya Abaribe, ya nemi Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka. Majalisa ta kafa kwamitin wucin-gadi, ta ɗora Abdullahi a kansa. Rahoton da aka amince da shi a watan Mayun 2020 ya ba da shawarar a rage tattara ikon 'yan sanda a Abuja, a bai wa shiyyoyi ikon gudanar da aiki da na kashe kuɗi, a kuma kafa majalisun ba da shawara kan tsaro tun daga shiyya har ƙaramar hukuma, da sarakuna da shugabannin al'umma a ciki.

Shawarar ba ta kai ga neman 'yan sandan jiha ba. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, kuma rahoton ya nemi gyara ne a cikin wannan da'ira. Ga wuri kamar Bagudo, mai nisa da Birnin Kebbi balle Abuja, ma'anar shawarar a bayyane take: a bar wanda ya san daji da mashigar ruwa ya yanke hukunci ba tare da jiran umarni daga nesa ba. Sai dai matsayar majalisa shawara ce kawai, ba ta ɗaure shugaban ƙasa. Misali, a Yulin 2020 majalisar ta nemi hafsoshin tsaro su sauka, amma Buhari bai sauya su ba sai ranar 26 ga Janairun 2021.

Bayan shekara huɗu matsalar ta iso ƙofar gidansa. Ranar 8 ga Nuwamban 2024, 'yan ƙungiyar Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, bayan mutanen garin sun bi sawun shanun da aka kore musu. Abdullahi, wanda a lokacin yake PDP, ya kai ƙudiri gaban majalisa tare da takwarorinsa biyu na Kebbi, yana neman gwamnatin tarayya ta hana ƙungiyar kafa sansani a Kebbi da Sakkwato tun kafin ta yi jijiya. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana Lakurawa a matsayin ƙungiyar ta'adda.

Ayyanawar ba ta kare Bagudo ba. A ƙarshen Oktoban 2025 'yan bindiga suka sace Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, Sama'ila Bagudo, a cikin garin Bagudo, ya shafe kusan mako guda a hannunsu. A Nuwamba kuma aka kashe jami'an shige da fice uku a shingen Bakin Ruwa. A ƙetaren iyaka lamarin ya fi haka muni. Jihar Alibori ta Benin, wadda ke maƙwabtaka da Bagudo, tana fama da mayaƙan JNIM masu alaƙa da Alƙa'ida da suka samu mafaka a gandun dajin W, kuma a harin 17 ga Afrilun 2025 kaɗai gwamnatin Benin ta tabbatar da mutuwar sojojinta 54. Daga kudu kuma akwai gandun dajin Kainji. Duk wanda ya dubi taswira zai ga Bagudo a tsakanin dazuzzukan biyu take.

Batun tura soja waje kuwa, tsarin mulki ya bai wa sanata iko na gaske a kansa. Sashe na 5(4) ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi da wata ƙasa sai da amincewar majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa, ya kuma hana tura soja fagen fama a waje sai da izinin Majalisar Dattawa. Sashe na 5(5) ya ba shi damar fara turawa idan tsaron ƙasa na cikin haɗari, bisa sharaɗin ya nemi amincewa cikin kwana 7, majalisa kuma ta amsa cikin kwana 14. Sau biyu wannan batu ya taso a zamanin Majalisa ta 10, kuma duka biyun kan maƙwabtan mazaɓar Abdullahi ne.

Na farko shi ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi don mayar da Mohamed Bazoum. Ƙungiyar Sanatocin Arewa ta fitar da sanarwar ƙin amincewa da yaƙi, ta ambaci jihohi bakwai masu iyaka da Nijar da za su fara ɗanɗana kuɗarsa, Kebbi na cikinsu. Ranar 5 ga Agusta majalisar ta nemi Shugaba Bola Tinubu ya bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Na biyu shi ne yunƙurin juyin mulkin 7 ga Disamban 2025 a Kwatano, inda jiragen yaƙin Najeriya suka kai wa gwamnatin Patrice Talon ɗauki bisa roƙonta, majalisar kuma ta amince da tura sojan bayan kwana biyu, ba tare da doguwar muhawara ba.

Ana iya kare wannan bambanci. A Nijar sojoji sun riga sun kama mulki, shiga ƙasar yaƙi ne da gwamnatin da ke riƙe da makamai. A Benin zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta nemi taimako tun tana kan ƙafafunta. Amma mutumin Tsamiya yana da damar tambaya: in har jirgin yaƙi zai iya isa Kwatano cikin sa'o'i, me ya hana irin wannan hanzari a dazuzzukan da ke bayan gidansa?

Tattalin arziki da bakin iyaka

A shekara ukun da ya yi yana Shugaban Masu Rinjaye, manyan dokokin tattalin arzikin gwamnatin Buhari ta hannunsa suka bi. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100, ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2020. A Maris ɗin shekarar majalisa ta amince da shirin ciwo bashin dala biliyan 22.7 daga waje, duk da ƙorafin 'yan adawa cewa ba a ba su damar tattauna shi dalla-dalla ba. A zamaninsu ne kuma aka dawo da kasafin kuɗi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, abin da shugabannin wannan majalisa suka riƙa alfahari da shi. Masu suka sun yi mata laƙabi da 'yar amshin shata. Shugabanninta kuma suka ce jituwa da ɓangaren zartarwa ita ta sa aka samu dokokin da suka gagari majalisun baya.

Babban misalinsu shi ne Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta shafe shekaru fiye da goma tana kai-kawo kafin Buhari ya sa mata hannu ranar 16 ga Agustan 2021. Sanatocin Kudu sun fusata da kashi 3 cikin 100 da aka ware wa al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu, yayin da aka ware kashi 30 na ribar man kamfanin NNPC don neman mai a sababbin yankuna. Kwarin Sakkwato, wanda ya haɗa da ƙasar Kebbi, yana cikin waɗannan yankuna. Wannan na daga wuraren da muradin gwamnati da na mazaɓarsa suka zo ɗaya.

Rufe iyaka ba haka yake ba. A Agustan 2019, makonni kaɗan bayan Najeriya da Benin sun sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Yamai, gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Dalilin da aka bayar shi ne shinkafar Asiya da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, da man fetur mai tallafi da ake fitarwa. Majalisar Dattawa ta mara wa matakin baya bayan ƙudirin da Sanata Adamu Aliero ya gabatar, kuma ba abin mamaki ba ne ɗan Kebbi ya ɗauko shi. A Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers ranar 17 ga Nuwamban 2015. Shinkafar Lake, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, ta shiga kasuwa a Disamban 2016. A 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, mahaifar Abdullahi.

Matsalar ita ce mazaɓar Kebbi ta Arewa tana ɗauke da masu cin riba da masu asara a lokaci guda. Manomin fadamar Argungu da Suru ya ga farashin shanshera ya tashi. Shi ma manomin bakin kogi a Bagudo ya gani. Amma direba da ɗan dako da mai kwale-kwale da mai canjin sefa da matar da ke kai albasa ko kifi kasuwar ƙetare, duk sana'arsu ta tsaya. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta ƙara da hana kai mai duk gidan man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, wanda ya sa mazauna garuruwan bakin iyaka sayen fetur a galan da tsadar da ta zarce ta sauran ƙasa. Da aka fara buɗe iyakoki a Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka buɗe. Kamba, babbar mashigar Kebbi, sai Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ambaliyar 2020 kuma ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar ana tsakiyar rufewar, farashin abinci ya ci gaba da hawa.

Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage ribar fasa-ƙwaurin fetur, kuma a Yulin shekarar majalisa ta nemi a ɗage dokar kilomita 20. Sai dai faɗuwar darajar naira ta juya akalar cinikin: hatsin Najeriya ya zama mai arha ga mai riƙe da sefa, hukumomi suka koma tare motocin abinci masu fita maimakon masu shigowa. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar ya sake rufe Kamba har zuwa Maris ɗin 2024, Nijar kuma ta ci gaba da toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ko bayan an janye takunkumin. Hakan ya ƙara wa hanyar Segbana zuwa Tsamiya zuwa Kamba daraja, domin ita ce zagayen da ya rage wa kayan da aka sauke a Kwatano da nufin kai su Nijar.

A farkon Majalisa ta 10 an ba Abdullahi shugabancin kwamitin tsare-tsaren ƙasa da harkokin tattalin arziki, wato kwamitin da ke sa ido kan ma'aikatar da Atiku Bagudu ke minista a cikinta, mutumin da rikici da shi ya fitar da shi daga APC. A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai mutane bango, shi ya gabatar da rahoton haɗin gwiwar kwamitoci kan halin da tattalin arziki ke ciki. Rahoton ne ya kai majalisa ga yanke shawarar bincikar rancen kusan naira tiriliyan 30 da Babban Bankin Najeriya ya bai wa gwamnatin tarayya kai-tsaye, da kuma shirin Anchor Borrowers, wanda aka raba fiye da naira tiriliyan 1 a ƙarƙashinsa ba a dawo da kaso mai yawa ba. Dokar Babban Banki ta lokacin ta ƙayyade irin wannan rance ga kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, an kuma zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne kaso mai tsoka na bashin ya taru ne a shekarun da shi kansa yake jagorantar masu rinjaye. Mai goyon bayansa zai ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai sukarsa zai ce an yi shiru lokacin da magana take da amfani.

Da rigimar dokokin haraji ta ɓarke a ƙarshen 2024, gwamnonin Arewa suka ƙi tsarin rabon VAT da aka gabatar saboda zai fifita jihohin da ake tara harajin a cikinsu, yana cikin sanatocin da majalisa ta zaɓa su zauna da ɓangaren zartarwa a warware saɓanin. Dokokin da Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun bar harajin a kashi 7.5, ba a yi ƙarin da aka nema tun farko ba.

Lafiya

A fannin lafiya da ilimi sunansa bai yi amo kamar a tsaro da kuɗi ba, kuma akwai dalilin doka a ciki. Asibitin karkara da makarantar firamare aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Abin da ke hannun sanata shi ne dokar da ke tsara kuɗin da kasafin da ke sakin su.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, amma ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018, lokacin da Majalisa ta 8, wadda yake cikinta, ta cusa naira biliyan 55. Daga wannan asusu ake son kowace mazaɓar kansila ta samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai magani da kayan aiki. Rauninsa shi ne yana hawa da sauka tare da kuɗin shiga. Da annobar korona ta karya farashin mai a 2020, daftarin kasafin da aka yi wa kwaskwarima ya zaftare fiye da kashi 40 cikin 100 na asusun, a shekarar da aka fara ware naira biliyan 37 don gyaran ginin majalisa, kuma wannan ya jawo wa shugabannin majalisar suka mai zafi.

A Mayun 2022, yana kan kujerar Shugaban Masu Rinjaye, Buhari ya sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusu na musamman don marasa galihu. A takarda babban ci gaba ne. A ƙasa kuwa, manomi da masunci da makiyayi ba su da albashin da za a cira, don haka amfanin dokar a Bagudo ya dogara ne kacokan kan kuɗin da aka zuba a asusun marasa galihun. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, babu kasafin tarayya ko ɗaya da ya cika shi, har da waɗanda suka bi ta hannunsa.

Ilimi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin firamare da ƙaramar sakandare, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Shi ya sa ƙuri'ar 1 ga Maris ɗin 2022 ta shafi ilimi ko da ba a ambaci sunansa ba: a ranar majalisun tarayya suka amince da gyaran tsarin mulki da zai bai wa ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, gyaran da ya mutu a majalisun jihohi saboda bai samu 24 da ake buƙata ba. Kotun Ƙoli ce ta zo ta yanke hukuncin a biya su kai-tsaye ranar 11 ga Yulin 2024. Majalisa ta 9 ta kuma zartar da dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, aka sa mata hannu a Mayun 2023.

A Kebbi dai maganar ilimi ta koma maganar tsaro. An sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, wasu 'yan matan suka shafe kusan shekara biyu a daji. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka sake sace ɗalibai mata 25 a makarantar Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Duka biyun a Kebbi ta Kudu suka faru, amma uban da ke Kaoje ko Illo yana jin labarin kafin ya yanke shawarar kai 'yarsa makarantar kwana.

Sauya sheƙa

A Yunin 2022 aka karanta wasiƙarsa ta ficewa daga APC zuwa PDP, ya ajiye shugabancin masu rinjaye, Ibrahim Gobir na Sakkwato ta Gabas ya gaje shi. Ya so tsayawa takarar gwamna, kuma ƙorafinsa shi ne ɓangaren gwamna ya ƙwace ragamar jam'iyya a jihar. Ba saɓanin manufa kan haraji ko tsaro ba ne ya raba su. A zaɓen 2023 PDP ta lashe kujerun sanata uku na Kebbi: shi ya riƙe tasa, Aliero ya kayar da gwamna mai ci Bagudu, Garba Musa Maidoki ya kayar da Bala Ibn Na'Allah, duk da cewa APC ce ta ci kujerar gwamna da Nasir Idris.

A Mayun 2025 su ukun suka gana da Tinubu a fadarsa, suka koma APC tare. Sashe na 68(1)(g) na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa, sai in rabuwar kai ce a jam'iyyar ta jawo ficewar, kuma da wannan togaciya masu sauya sheƙa ke kare kansu. Ta haka mutanen Bagudo, waɗanda mazaɓarsu ta tura ɗan adawa Abuja a 2023, suka wayi gari da sanatan jam'iyya mai mulki ba tare da an sake tambayarsu ba. Wa'adin Majalisa ta 10, wadda aka rantsar ranar 13 ga Yunin 2023, zai ƙare a Yunin 2027.